Abin Da Ke Sa Tsofaffi Yawan Faɗuwa

In yaro ya faɗi, sai ya tashi ya karkaɗe riga ya ci gaba da wasa. Amma in tsoho ya faɗi, sau da yawa kwanciya ke nan. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. To, me ke kawo haka?

Kafin mutum ya tsaya daram, sai gaɓoɓi uku sun aika wa ƙwaƙwalwa labari. Ido na duba hanya. Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa, su ke sanar da ita in kai ya juya ko ya karkata. Tafin ƙafa kuma na jin yadda ƙasa take. Da tsufa ya zo sai duka ukun su yi sanyi. Yana ta rufe ido, ciwon suga kuma kan kashe jin ƙafa.

Ban da wannan, tsoka na raguwa, musamman bayan shekara 60, ta yadda in tsoho ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa ba ya iya tare kansa da sauri. In ya miƙe zumbur daga tabarma, jini kan yi jinkirin isa kansa, sai jiri ya ɗebe shi. Wasu magungunan barci da na hawan jini kan ƙara wannan jiri. Ƙashi ma kan yi holoƙo, balle na mata bayan ɗaukewar al'ada, shi ya sa 'yar ƙaramar faɗuwa kan karya ƙugu. Irin wannan karaya kuwa ta asibiti ce.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ga inda muke kuskure. Da zarar kaka ta faɗi sau ɗaya, sai mu ce, "Kaka, zauna kawai, mu za mu yi miki komai." Muna ganin tausayi ne, alhali yawan zama shi ke ƙara cinye tsoka, faɗuwa ta biyu ta matso kusa. Abin da ya kamata shi ne ta riƙa tattaki kullum, da sanda in da bukata, mu kuma mu gyara mata hanya. Mu kawar da turmi da igiya da bokiti daga tsakar gida. Mu kankare gansakukan makewayi da damina. Mu ajiye mata tocila da buta kusa da gado saboda fitar dare da alwalar asuba. In ta farka, ta ɗan zauna a bakin gado kafin ta miƙe. Iyaye kuma su kai ta a duba idonta, don aikin cire yana kan dawo da gani.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu ikon kula da su, mu rabu da su lafiya.