Gidan Haya a Birnin Ƙonni

Birnin Ƙonni gari ne na baƙi. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi ta ratsa ta cikinsa. Hanyar Tawa ma ba nisa take rabuwa. Kudu da garin kuwa, ga iyakar Nijeriya da hanyar Sakkwato. Ran Laraba kasuwa takan cika maƙil.

Fatake, da direbobi, da malaman makaranta, da ma'aikatan duwan, da masu sayen albasar Galmi, duka suna bukatar wurin kwana. Wanda ba shi da gida a garin sai ya kama haya.

Mai gidan haya yana samun amfani. Kowane ƙarshen wata kuɗi na shigo mishi. Gona sai an yi ruwa take ba da hatsi, amma gida rani da damana yana aiki. In mai shi ya tsufa, gidan ya ciyar da shi. In ya rasu, ƴaƴansa su gada.

Amma fa akwai wahala. Gidan ƙasa yana son yaɓe kafin ruwa ya sauka. In an ƙyale indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, ɗaki ya faɗi. Mai hali yakan sayi sumuntin Malbaza, amma da tsada. Ga yasar salga, ga kuɗin ruwa da na wuta, ga lanho.

Wani lokaci kuma ɗan haya yakan kasa biya. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. An sake rufewa a 2023. Ciniki ya ja baya, bashi ya hau kan mutane. Mai gida ya shiga tsaka mai wuya: ya kori mai iyali, ko ya yi haƙuri alhali shi ma yana da bakunan ciyarwa?

Hausawa sun ce: zo mu zauna, zo mu saɓa. Don haka tun ran farko a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: nawa ne kuɗin, yaushe za a biya, wa zai yi gyara. Duk wanda ya biya a ba shi takardar shaida. Ɗan haya kuma ya riƙe gida kamar nasa.

Tambayoyi

1. Mi ya sa baƙi suke da yawa a Ƙonni?
2. Ina bambancin gona da gidan haya?
3. In kai ne mai gida, yaya za ka yi da wanda ya kasa biya?

Lissafi

Wani gida yana da ɗaki 4, kowane jika 10 a wata. Ɗaki guda ya yi wata 3 ba kowa. An kashe jika 90 wajen gyara, jika 40 wajen lanho. Nawa ya rage wa mai gida a shekara?