Darasi: Numfashi Bayan Sallama Daga Asibiti

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku masu bayar da zakka da wakafi da kwamitocin masallatai, darasinmu na bana a kan marasa lafiyar da aka sallama daga asibiti ne, alhali numfashinsu bai dawo daidai ba. A Kwaciri da sauran unguwannin Fagge da Sabon Gari, jama'a da yawa da ƙarfin jikinsu suke ci: ɗan dako a Kantin Kwari, mai turin ruwa, matar da ke tuyar ƙosai a kan itace. Idan irin wannan ya kasa yin tafiyar minti goma ba tare da haki ba, sana'arsa ta tsaya, kuma gidansa ya shiga sahun mabuƙata.

Cututtuka biyu sun isa misali. Na farko tarin fuka, wanda Najeriya ke cikin ƙasashe 30 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin waɗanda ya fi addaba. Maganinsa na wata shida kyauta ne, kuma Asibitin Zana da ke ƙaramar hukumar Fagge ya daɗe yana kula da masu shi. Sai dai magani ƙwayar cutar yake kashewa, ba ya goge tabon da ta bari a huhu. Na biyu ciwon zuciyar da ke kama mata dab da haihuwa ko bayanta, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawansa tun shekarun 1970, kuma har yau ana ganinsa a asibitocin Kano. Ga kuma hayaƙin itace da na janareta da ƙurar hunturu suna ƙara wa ƙirji nauyi.

Abin da ke faruwa a jiki shi ne, mai haki yana tsoron motsi, sai ya zauna. Zaman ya raunana tsokokinsa. Raunanan tsokoki kuma sun fi saurin gajiya, sai hakin ya ƙaru. Aikin likitan gashi, wanda ake kira fisiyo, shi ne karya wannan zagaye. Mutanenmu sun san gashi a wajen karaya da shanyewar ɓarin jiki, amma kaɗan ne suka san akwai na zuciya da huhu. A nan ana koya wa majiyyaci shaƙar iska ta hanci da fitar da ita sannu a hankali ta tsukakkun leɓɓa, da hanyar fitar da kakin da ya maƙale a ƙirji, da tafiya da ake ƙara tsawonta mako bayan mako. Ana gane ci gabansa da awo mai sauƙi: nisan da zai iya takawa cikin minti shida a baranda mai tsawon mita 30.

Masana ba su yi mana nisa ba. Aikin gashi ya shigo Najeriya a 1945 ta Asibitin Igbobi da ke Legas, Jami'ar Ibadan ta fara digirinsa a 1966, kuma Jami'ar Bayero tana yaye ɗalibansa a nan Kano. Amma galibinsu a manyan asibitoci suke, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, kuma mai zuwa sau biyu a mako yakan gaza da kuɗin mota tun kafin ya ga amfani. Kayan aikin kuwa ba su da tsada. A Asibitin Mulago da ke Kampala, a Yuganda, an gwada shirin mako shida ga waɗanda suka warke daga tarin fuka, da kayan motsa jiki masu sauƙi, aka ga ƙarfin tafiyarsu da jin daɗin rayuwarsu sun ƙaru.

A nan ya kamata a bambance tsakanin zakka da wakafi. Zakka haƙƙi ce ta rukunai takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, kuma mallaka musu ita ake yi. Don haka majiyyaci fakiri ko miskini ya cancanci a ba shi abin da zai biya kuɗin mota da magani da abincin iyalinsa har ya kammala. Amma ɗakin gashi, da keken motsa jiki, da na'urar awon hawan jini, da wadda ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, waɗannan aikin wakafi ne, kuma malaman mazhabar Malikiyya sun halatta wakafin kayan da ake iya ɗauka. Magabata sun riga mu: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da wakafi aka riƙa tafiyar da shi.

Ga kwamitocin masallatai, abu uku muke roƙo. Ku lura da wanda ya daina zuwa jam'i saboda haki, ku kuma tambayi halin masu jego ta hannun matan unguwa. Ku haɗa su da asibiti, domin mai ciwon zuciya ba ya fara motsa jiki sai likita ya auna shi, kuma ciwon ƙirji ko jiri ko kumburin ƙafa alamu ne na a koma asibiti nan take. Sannan ku bibiyi wanda aka ba tallafi har ya kai ƙarshen shirinsa, domin wanda ya koma sana'arsa, watakila baɗi shi ne mai fitar da zakka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya karɓi abin da kuka bayar. Amin.