Darasi na 17: Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

I. KARATU

Idi ɗan Tawa ne. Shekararsa goma sha ɗaya. Babansa ma'aikacin gidan waya ne. Da aka ɗauke shi daga Tawa aka kai shi Damagaram, sai ya kwashi iyalinsa suka koma can.

Ran Litinin da safe, uban ya kai Idi makaranta. Malam ya rubuta sunansa, ya tambaye shi:

— Daga ina kuka zo?

— Daga Tawa munka taho, Malam. Jiya munka sabka.

Aji ya fashe da dariya. Malam ya buga tabur, suka yi shiru. Amma da aka fita shan iska, yara suka kewaye Idi. Sani, wanda ya fi kowa surutu, ya nuna masa alli ya ce:

— Kai baƙo, wannan baƙi ne ko fari?

— Hwari na.

Suka sake dariya. Tun daga ranar suka laƙaba masa suna «Munka».

Idi ya fi kowa lissafi a ajin. Amma ya daina ɗaga hannu. In Malam ya yi tambaya, sai ya sunkuyar da kai ko da ya san amsar. Da dare yakan zagaya bayan ɗaki yana maimaitawa shi kaɗai: «muka, suka, fari, lafiya». Kafin wata shida bakinsa ya fara juyawa.

Da babban hutu ya zo, aka aika shi Tawa wajen kakarsa. Ta tarye shi a ƙofar gida.

— Maraba da angona! Kun sabka lahiya?

— Lafiya lau muka sauka, Kaka.

Ƴan uwansa suka dubi juna. Ɗaya ya ce: «Ku ji shi! Ya zama ɗan birni, shina yi muna yanga.» Kaka ta kama hannunsa ta ce:

— Wa yas sace maka bakinka? Ka tahi da namu, ka komo da na wasu.

Idi ya rasa inda zai sa kansa. A Damagaram ana ce masa baƙauye, a Tawa ana ce masa mai girman kai. Da hutu ya ƙare, ya ce wa babansa shi ba zai koma makaranta ba. Uban bai doke shi ba. Ya je ya sami Malam, ya gaya masa abin da ake ciki.

Washegari Malam ya rubuta kalmomi a allo, layi biyu:

aure — amre
zauna — zamna
ɗaure — ɗamre

Ya ce: «Wane layi ne daidai?» Yara suka ce: «Na farko, Malam!»

— To, macen da aka yi wa aure, me ake ce mata?

— Amarya!

— Ina «m» ɗin amarya ta fito, tun da babu ita a cikin «aure»?

Aji ya yi tsit. Can sai Idi ya ɗaga hannu a hankali.

— Daga «amre» ta hito, Malam.

— Madalla! To, «zama» fa? «Ɗamara» fa?

Yara suka duba allo, suka ga «m» ɗin tana nan a cikin «zamna» da «ɗamre». Malam ya ce:

— Kun gani. Kakanninmu na dā «amre» suke cewa. Bakin su Idi ya riƙe tsohuwar kalma, namu ya sauya ta. Ba wanda ya yi kuskure. Yanzu duk wanda a gidansu akwai mai cewa «munka», ya ɗaga hannu.

Hannu ɗaya ya tashi, sa'an nan biyu, sa'an nan bakwai. Daga ƙarshe Sani ya ɗaga nasa, kansa a ƙasa. Innarsa ƴar Maraɗi ce.

Idi bai bar makaranta ba. A littafinsa yana rubuta «suka», a gida yana cewa «sunka». Sunan «Munka» bai sake shi ba, amma yanzu in an kira shi da shi, amsawa yake yi da ƙarfi.

II. BAYANI

Hausa ɗaya ce, amma kowane yanki da irin bakinsa. Shi ake kira karin harshe. A Nijar akwai Damagaranci, da Katsinanci a Maraɗi, da Gobiranci a Tsibiri, da Adaranci a Tawa, da Arewanci a Dogon Dutsi, da Kurfayanci a Filinge.

Tarihi ne ya kawo wannan. A shekarar 1807 masu jihadi suka ci Katsina. Sarakunanta na dā suka yi arewa da jama'arsu, daga baya suka zauna Maraɗi. A 1808 Alƙalawa, birnin Gobir, ta faɗi, daga baya Gobirawa suka kafa Tsibiri. Shi ya sa garuruwan biyu suna kusa da juna, amma kowane da asalin bakinsa. Damagaram kuwa tana kan hanyar ayari daga Kano zuwa Agadas, kuma maƙwabciyar Daura ce. Don haka bakinta ya fi kusa da na Kano da Daura.

Ga wasu bambance-bambance tsakanin gabas da yamma:

fari — hwari
tafi — tahi
yana zuwa — shina zuwa
da suka zo — da sunka zo
nawa ne — nawa na
ƴaƴa — ɗiya
auduga — abduga

Akwai kuma kalmomin aro. Mu mun ara daga Faransanci, ƴan uwanmu na Najeriya sun ara daga Ingilishi. Muna cewa tabur, kamiyo, biro. Suna cewa tebur, lori, ofis. In ɗan Nijar ya shiga kasuwar Kano, kafin ya faɗi garinsu, bakinsa ya faɗa.

Bakin mutum yana da amfani. Baƙon da ya sauka tashar Yamai bai san kowa ba, in ya ji mai magana irin ta garinsu, ya sami mai nuna masa hanya, wata sa'a har da masauki. Amma mutane sukan yi wa wani hukunci da bakinsa tun ba su san halinsa ba. Sai a ce wannan baƙauye ne, wancan mai fahariya ne. A kasuwa ma, wani yakan tsawwala wa baƙo kuɗi don ya ji bakinsa. Wannan zalunci ne. Karin harshe yana nuna inda mutum ya tashi. Ba ya nuna hankalinsa, ko iliminsa, ko gaskiyarsa.

Haka nan Zabarmawa da Filani da Abzinawa da Barebari da yawa suna jin Hausa bayan harshensu. In wani ya ce «kasa» maimakon «ƙasa», kada ku yi masa dariya. Shi harshe biyu gare shi, ko uku. Ku tambayi kanku kalma nawa kuka sani a nasa. Wasan taubasai daban ne: kowa ya yarda da shi, kowa yana ramawa. Ba'ar da ke hana yaro magana a aji ba wasa ba ce.

To, me ya sa muke rubuta «suka» a littafi? Don mai karatu a Tawa da mai karatu a Damagaram su ga abu ɗaya. Hausar rubutu ta ginu a kan bakin Kano, tun zamanin Turawan Ingila. Da ita aka buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939. A 1966 masana suka taru a Bamako don tsara haruffan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1980 aka yi taro a Yamai don daidaita rubutun Nijar da na Najeriya. Makaranta ta farko irin tamu, a Damagaram aka buɗe ta a 1973. A 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar.

Hausar rubutu kamar mudun kasuwa ce: an yarda da shi ne don awo ya zama ɗaya. Bai hana kowa ya yi amfani da ƙwaryar ɗakin uwarsa ba. Ku koyi ta littafi sosai, kada ku yar da ta gida.

III. MA'ANAR KALMOMI

Laƙaba: sa wa mutum wani suna ban da na yanka.
Yanga: nuna wa mutane an fi su.
Ayari: taron fatake masu tafiya tare da raƙuma ko jakai.
Tsawwala: ƙara wa abu kuɗi fiye da kima.
Taubasai: waɗanda al'ada ta ba su damar yi wa juna wasa ba tare da fushi ba.

IV. TAMBAYOYI

1. Me ya sa Idi ya daina ɗaga hannu a aji?
2. Me kakarsa take nufi da ta ce an sace masa baki?
3. Ta yaya kalmar «amarya» ta nuna cewa «amre» tsohuwar kalma ce?
4. Me ya sa Sani ya ɗaga hannu kansa a ƙasa?
5. Ina amfanin Hausar rubutu?

V. AIKI

1. Ku mayar da wannan jimla cikin Hausar rubutu: «Da munka tahi gona, munka iske shina zamne.»
2. Ku je wajen wani tsoho ko tsohuwa a unguwarku. Ku nemi kalmomi biyar da yake faɗa ba kamar yadda suke a littafi ba. Ku rubuta su, ku rubuta garin da ya tashi, ku kawo aji ran Jumma'a.
3. Ku rubuta layi biyar a kan abin da za ku yi in sabon ɗalibi mai wani baki ya shigo ajinku.