Darasi na 24: Kayan da ke biyo sabuntawa

Kwamfuta, wadda ake kuma ce wa ordinatar, ba ta aiki ita kaɗai. Sai an zuba mata manhaja. Manhaja jerin umurni ce da mutane suka rubuta domin na'ura ta bi. Da Faransanci sunanta logiciel. Akwai manhajar rubutu, akwai ta lissafi, akwai ta kallon hotuna, akwai kuma ta shiga intanet.

Tun da mutane ne suke rubuta manhaja, ba a rasa kuskure a cikinta. Wani kuskuren ƙarami ne. Wani kuwa kamar ɓaraka yake a bangon rumbu: ɓarawo yana iya bi ta nan ya shiga na'ura, ya kwashe abin da ke ciki, mai ita bai sani ba. Shi ya sa kamfanin da ya yi manhajar yakan aiko da gyara lokaci-lokaci. Wannan gyara shi ne sabuntawa, ko mise à jour. Saƙo yakan fito a fuskar na'ura yana cewa sabuntawa ta iso. Mutum ya danna, na'ura ta jawo gyaran ta intanet, ta liƙe ɓarakar. Aiki ne mai kyau, kamar yaɓen ɗaki kafin damina.

To, amma wasu kamfanoni sun ga hanyar samun kuɗi a nan. Sai suka riƙa ɗaura wata manhaja dabam a jikin sabuntawar, manhajar da ba wanda ya nema.

Labarin da aka fi sani shi ne na Java. Java manhaja ce da wani kamfani na Amurka mai suna Sun Microsystems ya fito da ita a shekarar 1995. Wasu manhajoji masu yawa ba su tashi sai da ita, saboda haka tana cikin kwamfutoci miliyoyi a duniya. A 2010 kamfanin Oracle ya saye Sun, Java ta koma hannunsa. A waɗannan shekaru, duk mai kwamfuta mai Windows da ya je sabunta Java yakan ci karo da wani shafi a tsakiyar aikin. Shafin yana tayin wani abu da ake kira Ask Toolbar. Wani zirin layi ne mai maɓallai da ke maƙalewa a saman tagar shiga intanet. A kan shafin akwai ɗan ƙaramin akwati, kuma an riga an sa masa alamar yarda tun kafin mutum ya ce komai.

Duk dabarar tana cikin wannan akwati. Mai na'ura yana sauri. Ya saba da danna Suivant, Suivant, Suivant har aiki ya ƙare. Ba ya karanta ƙananan rubutu. In bai cire alamar da hannunsa ba, an ɗauka ya yarda ke nan. Ba a tambaye shi ko yana so ba. An bar masa aikin cewa ba ya so. Kuma a wancan lokaci, ko ya cire alamar, in wata sabuntawa ta zo bayan ƴan watanni, yakan tarar an mayar da ita.

Me wannan ziri yake yi in ya shiga? Yana sauya shafin da ke buɗewa da farko. Yana sauya wurin da mutum ya saba neman bayani, ya mai da shi na kamfanin Ask. In ɗalibi ya nemi bayani kan kogin Neja ko kan noman albasa, abin da zai fara gani shi ne tallace-tallace, amsar da yake nema tana can ƙasa. Duk tallan da aka danna, kuɗi ne ya shiga aljihun Ask. Shi kuma Ask, a wancan lokaci, yana biyan Oracle ladan shigar da zirin cikin na'urorin mutane. A lokacin Java kyauta ake ba da ita, amma ga inda ake fanshewa.

A kasuwa, in mace ta sayi tiyar hatsi, takan ce a yi mata gyara, mai awo ya ƙara mata ɗan dunƙule a gaban idonta. Wannan ƙari ita ta roƙa, ita kuma za ta ci amfaninsa. Ƙarin da ke biyo sabuntawa ba haka yake ba. Ba a roƙe shi ba, kuma mai sayarwa ne ke cin ribarsa.

A watan Janairu na 2013 wani ɗan jarida mai suna Ed Bott ya bi diddigin abin, ya rubuta abin da ya gani. Ya lura cewa zirin ba ya shiga nan take. Sai ya jira minti 10 bayan an gama sabunta Java, sa'an nan ya shige a ɓoye. Wanda ya tuna ya yi kuskure, ya koma da sauri domin ya goge shi, ba zai same shi a jerin manhajojinsa ba. Zai ɗauka ya tsira. Wannan jira ba shi da wani amfani ga mai na'ura.

A cikin wannan watan ne kuma aka gano wata babbar ɓaraka a Java. Ta yi muni har ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta shawarci mutane su kashe Java a tagoginsu na intanet. Oracle ya yi hanzari ya aiko da gyara. Mutane suna bukatar gyaran ƙwarai, ga shi kuma ta wannan ƙofar ce ake turo musu kayan da ba su so.

Abin bai tsaya nan ba. A watan Maris na 2015 aka fara ɗaura tayin Ask ga masu kwamfutocin Mac su ma. A watan Yuni na shekarar, kamfanin Microsoft ya sa tsofaffin nau'o'in zirin cikin jerin manhajojin da ba a so, na'urorin tsaronsa suka fara share su. A cikin watan kuma Oracle ya ƙulla yarjejeniya da Yahoo, tayin Yahoo ya maye gurbin na Ask.

Ba Oracle kaɗai ya yi haka ba. A watan Maris na 2008 kamfanin Apple ya sa tagarsa ta shiga intanet, Safari, cikin jerin sabuntawar masu iTunes a kan Windows, har da waɗanda ba su taɓa amfani da Safari ba. Ta yaya za a sabunta abin da mutum ba shi da shi? Da aka yi ta kuka, Apple ya raba jerin gida biyu, sabuntawa dabam, sababbin manhajoji dabam. Kamfanin Adobe ma ya daɗe yana haɗa tayin wata manhajar McAfee da Flash Player, kafin a daina Flash a ƙarshen 2020. A 2019 kotun Tarayyar Turai ta yi hukunci kan wani batu makusanci, na ƙananan fayilolin da shafukan intanet ke ajiyewa cikin na'ura. Kotun ta ce akwatin da aka riga aka sa wa alama ba yarda ba ce.

Ɓarnar farko a fili take. Na'ura takan yi nauyi, fuskarta ta cushe, kuɗin intanet ya tafi wajen jawo talla. A siber ta Maraɗi ko ta Damagaram, inda ake biyan kuɗi gwargwadon lokacin da aka zauna, jinkirin na'ura asara ce ga wanda ya biya. Amma akwai ɓarna ta biyu da ta fi wannan. Mutumin da aka yaudara sau biyu ko uku yakan daina yarda da saƙon sabuntawa gaba ɗaya. Da ya gan shi sai ya rufe. Ɓarakar kuwa tana nan buɗe. An ga sakamakon barin na'ura ba gyara a watan Mayu na 2017, sa'ad da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har da na asibitoci a Ingila. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Na'urorin da aka sa wa maganin ba ta wannan hanya aka kama su ba.

Mai hankali yana karɓar sabuntawa, amma yana karanta kowane shafi kafin ya danna. In ya ga sunan wata manhaja da ba ita ya zo gyarawa ba, sai ya cire alamar akwatin. In an ba shi zaɓi tsakanin installation rapide da installation personnalisée, sai ya ɗauki ta biyu, domin a nan ne ake nuna abubuwan da aka ɗaura. Yana jawo manhaja daga shafin kamfanin da ya yi ta. In kuma wani ziri ya riga ya shiga, yana iya neman sunansa a jerin manhajojin na'urar ya goge shi, sa'an nan ya mayar da shafin farko yadda yake a da.

Tambayoyi

1. Mene ne sabuntawa? Don me kamfanoni suke aiko da ita?
2. Wane kamfani ne ya saye Sun, kuma a wace shekara?
3. Minti nawa zirin Ask yake jira kafin ya shiga? Wa wannan jira yake cuta?
4. Shekara nawa ke tsakanin fitowar Java da tayin Yahoo?

Aiki

Ku zana shafin sabuntawa a kayenku, da akwatinsa da maɓallin Suivant. Ku rubuta jimla 3 da Hausa da za su nuna wa ƙanenku abin da zai duba kafin ya danna, sa'an nan ku juya su da Faransanci.