Darasin Littafi Mai Tsarki: Tsarki a Gefen Gona da Bakin Mudu



Kowace Lahadi mukan zauna a coci a karanta mana karatu na ɗaya, mu amsa da Zabura, a yi na biyu, sa'an nan mu miƙe tsaye domin Bishara. Amma da za a tare mu a kasuwa ran Laraba a tambaye mu abin da aka karanta, da yawa daga cikinmu sai mu hau sosa ƙeya. A wannan darasi za mu duba yadda Yahudawa suke karanta Attaura mako-mako, da yadda suke fitar da aikin yi daga cikin abin da suka karanta, domin mu ma mu gyara namu sauraron.

Don me za mu koya daga wurinsu?

Ubangijinmu Yesu Bayahude ne, haka mahaifiyarsa Maryamu, haka kuma manzanni. Luka ya shaida mana cewa shiga majami'a ran Asabar al'adar Yesu ce, a Nazarat ma shi ne ya miƙe ya karanta daga littafin annabi Ishaya (Luka 4:16-21). A Ayyukan Manzanni 13:15 mun ga an karanta Attaura da Annabawa kafin a ba Bulus damar yin magana. Karatu, sa'an nan wa'azi: wannan tsari da muke bi a sashen farko na Misa daga majami'a muka gāje shi.

A ranar 28 ga Oktoba, 1965, Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da takardar da ake kira Nostra Aetate, inda ta tuna mana cewa ta hannun Yahudawa muka karɓi Tsohon Alkawari, ta kuma yi Allah wadai da ƙiyayya a gare su. A ranar 13 ga Afrilu, 1986, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ziyarci babbar majami'arsu a birnin Roma, ya kira su yayyenmu. Ƙane kuwa ba ya jin kunyar koyon noma a gonar wansa.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Tun a taron Urushalima (Ayyukan Manzanni 15) manzanni suka yanke cewa ba za a ɗora wa sauran al'ummai kaciya da dukan ka'idodin Musa ba. Cetonmu yana cikin Kristi. Amma shi Kristin ne ya faɗa a Matiyu 5:17 cewa zuwansa domin cika Attaura ne, bai zo rushe ta ba.

Yadda suke karatun

Attaura ita ce littattafan Musa biyar: Farawa, Fitowa, Firistoci, Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a. An raba su kashi 54, kowane kashi ana kiransa farasha. Kowace Asabar da safe akan fito da naɗaɗɗen littafi wanda aka rubuta da hannu a kan fata, a kira mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya su tsaya a gabansa, a karanta farashar makon, a biyo da wani yanki daga Annabawa. A shekarar da Asabar ɗin ba su isa ba, sai a haɗa farasha biyu a wasu makonni. Ran Litinin da Alhamis, waɗanda a dā ranakun kasuwa ne, akan karanta farkon farashar da ke tafe, domin kada kwana uku su wuce jama'a ba su ji Maganar Allah ba.

Malamansu kuma sun koyar cewa kafin Asabar ta zo, mutum ya karanta farashar a gida sau biyu da Ibrananci, sau ɗaya da fassara. Wato ba ya zuwa majami'a da kunne baƙo. Bayan Idin Bukkoki, wajen watan Satumba ko Oktoba, sukan kai ƙarshen Maimaitawar Shari'a inda Musa ya rasu, nan take kuma su koma farkon Farawa. Ranar suna kiranta Simhat Tora, wato Murnar Attaura. Sukan rungumi littafin suna rawa da waƙa. Wanda ya ɗauka cewa Shari'a kaya ce mai nauyi kawai a wuyan Bayahude, ya tuna da wannan rawa.

Dokoki 613

Wani malami na ƙarni na uku, Rabbi Simlai, ya koyar cewa dokokin Attaura 613 ne: 365 na hani, daidai da kwanakin shekara, da 248 na umarni, daidai da gaɓoɓin jikin mutum bisa ga lissafin mutanen dā. Ma'anar a fili take: ba ranar da ba ta da abin da za a guje wa, ba kuma gaɓar da ba ta da aikin da za ta yi wa Allah. Musa ɗan Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus ya rasu a Masar a 1204, ya jera su ɗaya bayan ɗaya a wani littafi da ya rubuta da Larabci. A ƙarni na 13 kuma wani uba a ƙasar Sifen ya rubuta littafin da ake kira Sefer Hahinuk, ya bi dokokin farasha bayan farasha, domin ɗansa da abokansa su san abin da karatun kowane mako yake nema daga gare su.

Bari mu ɗauki farasha guda mu gani. Sunanta Kedoshim, wato Masu Tsarki, ta ƙunshi Firistoci sura 19 da 20. Ta fara da kiran da Allah ya yi wa dukan taron Isra'ila su zama masu tsarki domin shi mai tsarki ne. Mai karatu zai zaci daga nan sai maganar azumi da turare. Amma ayoyin da suka biyo baya sun kai mu gona da kasuwa da tsakar gida.

Na ɗaya: gefen gona (19:9-10)

An hana manomi ya girbe gonarsa har bakin iyaka, an kuma hana shi komawa ya yi kala. Wannan rabon matalauci ne da baƙo. Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200, ya ƙayyade cewa abin da za a bari kada ya gaza kashi ɗaya cikin 60. Ya kuma ce a buɗe wa matalauta gonar sau uku a yini: da safe, da tsakar rana, da yamma. Malamai sun bayyana dalili: safiya domin mata masu goyo, tsakar rana domin yara, yamma domin tsofaffi masu tafiya a hankali. Mai gona ba shi da ikon zaɓen wanda zai ɗiba. Ta haka matalauci yakan ci da guminsa, ba ya durƙusa wa kowa. Ta wannan doka ce Rut ta sami abinci a gonar Bo'aza, ita ce kuwa ta zama kakar mahaifin Dauda.

Muna kawo damuna a gaban bagade ranar godiyar kaka, wannan abu ne mai kyau. Amma wannan rabo na gefen gona ba a kai shi Haikali ba, ba a kira sunan mai bayarwa ba. Mai albashi da mai shago su ma suna da gona. Ina gefenta?

Na biyu: ladan ɗan ƙodago (19:13)

An hana kuɗin ma'aikaci ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ba da dalili: shi matalauci ne, ransa yana rataye a kan wannan lada. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne yana kuka, Katekizim na Ekklisiyar Katolika kuma, a lamba 1867, ya lissafta wannan cikin zunuban da kukansu yake kaiwa sama.

A nan dole in fara da kaina. Wata shekara da rani muna gyaran katangar wata coci da nake kula da ita. Ran Asabar da yamma lebura uku suka zo karɓar kuɗinsu. Kuɗin yana nan a ɗaki, amma na gaji, ina kuma shirin wa'azin gobe. Na ce su dawo Litinin. Babbansu ya ce, "To, Fada, Allah ya kai mu," ya juya. Ran Litinin da asuba, wadda ta kasance Litinin ta makon farko na Azumi, na tsaya a bagade, katekis ya buɗe littafi, sai ga wannan sura ta 19 ita ce karatun ranar. Bishara kuma Matiyu 25 ce, inda Sarki yake tambayar wa ya ciyar da shi sa'ad da yake jin yunwa. Daga baya na ji cewa ɗaya daga cikin mutanen nan sai da ya ci bashin garin tuwo a daren Asabar ɗin. Ni da nake shirya wa'azi, ni na kwanar da gidansa cikin bashi. Na biya su, na roƙi gafararsu, na kuma kai abin ga Sakramentin Tuba.

Na uku: tuntuɓe a gaban makaho (19:14)

Wa zai sa wa makaho dutse a hanya? Kusan ba kowa. Shi ya sa malaman Yahudawa suka ce makaho a nan ya haɗa da duk wanda bai san kan wani al'amari ba. Rashi, babban mai sharhi na ƙasar Faransa wanda ya rasu a 1105, ya kawo misalin mutumin da ya shawarci wani ya sayar da gonarsa ya sayi jaki, alhali shi ne yake harin gonar. Dillalin da ya ɓoye ciwon saniya, da ɗan'uwan miji da ya sa gwauruwa ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa ba, dukansu sun sa tuntuɓe. Ayar ta ƙare da kiran a ji tsoron Allah, gama irin wannan laifi ba mai ganinsa sai Shi.

Na huɗu: lauje da gatari (19:16-18)

An hana yawo da tsegumi, gama magana zarar bunu ce. An hana ramuwa, an kuma hana riƙo. Mene ne bambancinsu? Talmud ya ba da misali. Ka je aron lauje wurin maƙwabci, ya hana ka. Kashegari ya zo aron gatarinka. In ka hana shi domin ya hana ka, wannan ramuwa ce. In ka ba shi, amma ka haɗa da gori cewa kai ba irinsa ba ne, wannan riƙo ne. Dukansu an hana. Da yawa daga cikinmu mun tsallake na farko muna alfahari, muka faɗa cikin na biyu. A ƙarshen wannan aya ta 18 ne umarnin ƙaunar maƙwabci kamar kai yake, wanda Rabbi Akiba ya kira babban ginshiƙin Attaura, wanda kuma Yesu ya sa kusa da ƙaunar Allah (Markus 12:28-31). Ashe ƙaunar da ake magana a kai tana da hannu da ƙafa, ayoyin da suka gabace ta ne suka nuna su.

Na biyar: bakin mudu (19:35-36)

An umarci a yi awo da ma'auni na gaskiya. Mishna ta kai ga cewa mai shago ya goge mudunsa sau biyu a mako, duwatsun awo sau ɗaya a mako, sikeli kuwa bayan kowane awo, domin kada abin da ya manne ya rage wa mai saye haƙƙinsa. In ƙurar da ta manne a mudu abin kula ce, ina ga mudun da aka bubbuge gindinsa, ko buhun da aka sa wake mai kyau a baki, mai ƙwari a ƙasa? 'Yar zumunta mai sayar da hatsi tana wa'azi da mudunta kowace ranar kasuwa, maƙwabtanta kuwa suna saurare.

Abin da za mu yi

Mu ma muna da namu tsarin. Tun 1969 Ekklisiya ta shirya karatun Lahadi a kan zagayen shekara uku, A da B da C, kuma wani yanki na wannan sura yakan zo a Lahadi ta bakwai ta Lokacin Shekara a zagayen A. Karatu bai yi mana kaɗan ba. Abin da ya rage shi ne shiri kafin a ji, da aiki bayan an ji. Ina roƙon kowane gida ya gwada abu uku. Ran Asabar da dare, maigida ko uwargida ko yaro ɗan makaranta ya karanta karatun gobe da ƙarfi, a fassara wa tsofaffi da harshen gida. Ran Lahadi bayan Misa, a zaɓi aiki guda ɗaya tak da karatun ya nema, a faɗi sunansa a fili: bashin da za a biya, ko mutumin da za a gaisar. Ran Alhamis kuma a tambayi juna ko an yi. Katekis ya riƙa sanar da karatun mako mai zuwa domin gidajen da ba su da jadawalin.

Tambayoyi domin zumunta da ƙananan ƙungiyoyi

1. Akwai wanda ya yi mini aiki, kuɗinsa yana hannuna har yanzu?
2. Wa na ba aron gatari haɗe da gori?
3. A sana'ata, ina ne gefen gona, wa kuma yake da haƙƙi a kansa?

Addu'a

Ya Allah na Ibrahim da Ishaku da Yakubu, Uban Ubangijinmu Yesu Kristi, kai da ka ba Musa Shari'a, ka buɗe kunnuwanmu ran Lahadi, ka kuma riƙe hannuwanmu sauran kwana shida. Ka albarkaci jama'ar da ka fara yi wa magana. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.