Darasin Kimiyya: Dafin Hangara Daga Namiji Yake Fitowa

Duk manomin gero ya san ƙwaron nan hangara. Yakan fito da damina, lokacin da gero ya yi bununi, wake kuma ya yi fure. Fure yake ci, sai zangarniya ta tashi babu ƙwaya.

In aka matse shi a jiki, wani ruwa rawaya yakan fito daga gaɓoɓin ƙafafunsa. Bayan 'yan sa'o'i sai wurin ya yi bororo kamar ƙuna. Wannan ruwa ba fitsari ba ne, jininsa ne mai dafi. Da shi yake kare kansa daga masu cin ƙwari. Masana suna kiran dafin kantaridin. Wani Bafaranshe, Pierre Robiquet, shi ya fara tace shi a 1810.

To, ga abin mamaki. Masana sun gano cewa in ƙwarin sun girma, namiji ne ke ci gaba da yin dafin a jikinsa. Mace ba ta yin sabo. Ɗan abin da ta tara tun tana tsutsa, shi ke gare ta. Shi ya sa galibi namiji ya fi ta dafi. Sai lokacin barbara yake zuba mata nasa, tamkar mai kai lefe. Ita kuma ba ta riƙe shi duka. Takan shafe ƙwayayenta da shi sa'ad da take saka su cikin ƙasa. Ƙwarin da suka zo ci sai su bar su. Wato dafin uba ne ke gadin 'ya'ya.

Tsutsar wasu irin hangara ƙwan fara take ci, wannan kam taimako ne ga manomi.

Amma kada a ce mace ba ta da haɗari. Wadda aka yi wa barbara tana ƙona fata. Mai aiki a gona kuwa ba shi da lokacin tantance su. In ƙwaron ya sauka a jiki, a hure shi, kada a mare shi. In ruwan ya taɓa fata, a wanke da sabulu nan take, kada hannu ya kai ido. A duba harawa kafin a ba doki, domin ko ƙwaron ya mutu ya bushe dafin yana nan, kuma yana kashe doki. Masu shan garinsa wai don ƙarfin maza, ƙodarsu suke lalatawa, wasu har su rasa rai.