Kai Majiyyaci Asibiti: Darasi Ga Masu Rakiya

Jama'a, a shekarar 2010 gubar dalma ta auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Yara wajen 400 suka rasu. Da yawa kuwa suka tsira, gama an kai su asibitin Anka da na Bukkuyum, likitocin MSF suka ba su magani. To, amma magani ba ya amfani sai majiyyaci ya isa lafiya.

Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne. Ran nan muka ɗauki yaro mai jijjiga a mota. Ubansa ya ruɗe, yana ta ce wa direba, "Yi sauri!" Yaron mota ya ga taya ɗaya ta yi sanyi, amma ya ji nauyin magana gaban manya. Taya ta fashe a daji, muka ɓata awa biyu. Allah ya sa yaron ya rayu. Kun ga sauri ya haifi nawa.

Saboda haka ku kiyaye waɗannan:

1. Tun ana lafiya ku san direban da za ku kira, ku ajiye kuɗin mai.

2. Mutum ɗaya ya zama jagora. Shi ke magana da direba, shi ke buga wa asibiti waya.

3. Kada a matsa wa direba. In barci ya kama shi ya faɗa, ba abin kunya ba ne.

4. Wanda duk ya ga haɗari ya faɗa nan da nan, ko yaro ne ko mace. Babba ya saurara, kada ya tsawata.

5. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe. Kada a sa masa cokali a baki, kada a ɗura masa kome.

6. Kada a cika mota ko kwalekwale da 'yan rakiya. Biyu sun isa.

7. In kun isa, ku gaya wa malamin asibiti lokacin da ciwo ya fara, da maganin da aka sha, har na gargajiya.

Bayan kun komo gida ku zauna ku duba inda aka yi kuskure, ba domin a ɗora wa wani laifi ba, sai domin a gyara gaba. Maigida, karanta wa iyalinka wannan darasi. Allah ya ba mu lafiya, amin.